IGI 2: Abin da ya gyara da abin da ya kasa gyarawa

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bari sun saurara ba.

Kwanan baya a majalisarmu ta Ƙofar Durbi wani tsohon musu ya sake tashi, musun da muka fara tun muna ƙaramar sakandare: tsakanin IGI na ɗaya da IGI na biyu, wanne ya fi? Duk wanda ya taɓa zama gaban tsohuwar kwamfuta a Katsina ko Kano ko Zariya tsakanin 2005 da 2013 ya san gem ɗin da nake nufi. Musun ya yi zafi har wani abokina ya ce wai na biyun ɓata suna kawai ya yi. Shi ya sa na ce bari yau mu zauna mu bi tarihin abin, mu auna shi da adalci.

Mu fara da asali. Wani ƙaramin kamfani ne mai suna Innerloop Studios a birnin Oslo na ƙasar Norway ya ƙirƙiri Project I.G.I., kamfanin Eidos kuma ya fitar da shi kasuwa a watan Disamba na 2000. Kafin nan, a 1997, mutanen Innerloop sun yi wani gem na tuƙa jirgin yaƙi mai suna Joint Strike Fighter. To injin da suka gina domin nuna ƙasa daga sama, da tsaunuka da filaye masu nisa, shi suka ɗauko suka ɗora IGI a kai. Wannan ne sirrin faɗin filin da muke gani. A lokacin da yawancin gem na harbi ke cusa ka cikin lunguna da ɗakuna, IGI sai ya ajiye ka a kan tudu, ya ba ka madubin hangen nesa da taswira, ya bar ka ka nemi hanyarka da kanka.

Jarumin shi ne David Jones, tsohon sojan rundunar SAS ta Birtaniya. Akwai Anya da ke ba shi umarni ta rediyo, akwai dillalin makamai Jach Priboi, sai kuma Ekk, matar da ke riƙe da makamin nukiliyar da aka sace. Mishan 14 ne gaba ɗaya, farawa daga tashar jiragen ƙasa da kowa ya haddace.

Amma gem ɗin ya zo da manyan aibobi guda uku da aka yi ta kuka da su tun fitowarsa. Na farko, babu damar yin sebin a tsakiyar mishan. Na biyu, babu hanyar da mutum biyu ko fiye za su buga tare. Na uku, sojojin cikinsa ba su da wayo, kuma da zarar ƙararrawa ta kaɗa sai su yi ta fitowa daga bariki kamar ana haifarsu.

A Turai wannan rashin sebin abin haushi ne kawai. A wurinmu kuwa asarar kuɗi ce. Shagon da muke zuwa nan kusa da ƙofa, da rana buga takardu da hoton kwafi ake yi, da yamma mai shagon ya bar mana kwamfutocinsa na hannu guda uku mu biya mu buga. Kuɗin tara da ka hana cikinka a makaranta shi za ka miƙa. Na tuna ranar da na shafe kusan duk lokacina ina laɓe-laɓe a mishan na biyu, na kauce wa kyamara, na wuce masu gadi, saura ƙiris in gama, sai aka ɗauke wuta. Kafin a tayar da janareta komai ya tafi. Na ce wa mai shagon, “Yaya, don Allah a ƙara min ko minti goma.” Ya ce, “Ai ba ni na ɗauke ba, ƙanena.” Haka na koma gida ba kuɗi, ba nasara.

To yanzu ku riƙe wannan a zuciya, mu shiga na biyu.

IGI 2: Covert Strike ya fito a watan Maris na 2003. Innerloop ne dai suka sake yin sa, amma wannan karon Codemasters na Ingila ne suka fitar. A nan ne ma aka ba haruffan IGI sabuwar ma'ana, suka zama sunan hukumar leƙen asirin da Jones ke wa aiki. Sun kuma ɗauko Chris Ryan, tsohon sojan SAS na gaske, ya ba su shawara. Mishan suka ƙaru zuwa 19, aka raba su tsakanin yankin Rasha, Libiya da Chaina.

Ƙarfinsa na farko, kuma mafi girma a wurina, shi ne sun saurari kukan mutane a kan sebin. Sun kuma yi shi da hikima: ba su sake shi ba iyaka ba, ƙidayayye ne, kuma yana raguwa idan ka zaɓi mataki mai wuya. Ka ga ke nan tsoron mutuwa bai gushe ba, amma wahalarka ba ta tafiya a banza. A shagonmu wannan ya canza komai. Muka koyi yin sebin kafin mu shiga wuri mai haɗari, ko kuma da mun ga fitila ta fara kyafta ido.

Ƙarfi na biyu, a nan ne gem ɗin ya zama na leƙen asiri da gaske. Jones ya samu damar kwanciya ya ja ciki. Aka sa ma'auni a gefen allo da ke nuna maka yadda ake iya hango ka. Aka ba shi tabarau mai gano ɗumin jikin mutum. Aka kuma rage yawan bindigogin da zai iya ɗauka, ba kamar na farko ba da za ka kwashi makamai kamar mai buɗe shago. Dole ka zaɓa: bindigar harbi daga nesa, ko wadda za ta cece ka idan aka rutsa ka a ɗaki? Wannan zaɓin shi ke sa ka yi tunani kafin ka motsa.

Ƙarfi na uku, wurare sun bambanta. Na farko kusan duk kamarsu ɗaya, waya da bariki da tudu. A na biyu ka shiga ramin haƙar ma'adinai, ka hau tashar duba yanayi cikin ƙanƙara, ka tsallaka gada a kogin Dnestr, ka faɗa hamada, ka ƙare a wurin harba roka. Sannan ga cin amanar da ke tsakiyar labarin. Bayan Jones ya sha wuya ya ƙwato wasu na'urori masu iya kashe duk wani abu mai amfani da lantarki, sai shugaban aikinsa Phillip White da matuƙin jirginsa Robert Quest suka juya masa baya, suka tafi da kayan, suka bar shi a kan iyaka kusan hannu rabbana. Ranar da muka kai wurin nan, wallahi shagon tsit ya yi.

Yanzu kuma ga inda ya gaza, kuma a nan abokina yana da gaskiyarsa.

Na ɗaya, ƙwaƙwalwar abokan gaba ba ta gyaru yadda ya kamata ba. Wani lokaci soja zai hango ka daga nisan da kai da kyar kake ganinsa, ya kuma same ka da harbin farko. Wani lokaci kuma ka kayar da abokinsa a kusa da shi, ya ɗan dudduba, ya koma gadinsa kamar ba abin da ya faru. Gem ɗin laɓewa kuwa yana rayuwa ne a kan ka san dokar da ake bi. Idan ba ka san me zai tona maka asiri ba, to ba dabara kake yi ba, sa'a kake gwadawa.

Na biyu, injin nan da ya yi fice a fili, da an shiga cikin gini sai ya zama talaka. Ɗakuna fayau, dogayen lunguna masu kama da juna. Mishan na ƙarshe-ƙarshe da yawa sun koma harbi tsagwaronsa, aka bar laɓewar da aka koya maka tun farko.

Na uku, buga gem tare da wasu ta intanet, wanda shi ne babban abin da suka yi talla da shi, bai taɓa isowa gare mu ba. An tsara shi ƙungiya biyu, kowa ya sayi makami, irin salon Counter-Strike. Mu da kwamfutocinmu ko haɗe da juna ba su, wannan ɓangaren ado ne kawai a allon farko.

Na huɗu, ya makara. Splinter Cell na Ubisoft ya fito a ƙarshen 2002, ya nuna wa duniya yadda ake wasa da haske da inuwa. Hitman 2 ma a 2002 ya fito. Call of Duty na farko ya biyo baya a Oktoban 2003, Far Cry kuma a 2004 ya zo da nasa faɗin filin da ya fi kyau nesa ba kusa ba. A tsakiyar waɗannan, IGI 2 sai ya yi kama da gyararren kayan shekarar 2000. Masu sharhi suka ba shi matsakaicin yabo, kuma a cikin 2003 ɗin nan kamfanin Innerloop ya rufe.

Akwai kuma rauni na biyar, wanda ban gan shi ba sai da na girma. Ku duba wa ake harbi. A watan da gem ɗin ya fito, Maris 2003, Amurka ta shiga Iraƙi. Libiya kuma a lokacin tana ƙoƙarin fita daga takunkumin da ya biyo bayan harin Lockerbie na 1988. Sai a Satumbar 2003 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ɗage shi, a Disamba kuma Gaddafi ya sanar da watsi da shirin manyan makamansa. A cikin gem ɗin, galibin abin da ake gani na Libiya wurare ne irin su kurkuku da filin jirgi da sansanin soja. Ba kasuwa mai rai, ba iyali, ba wanda ke da labarin kansa. Mu kuma muna zaune a Katsina, garin da ayarin fatake suka yi ƙarnuka suna haɗa shi da Agadas da Gat da Tarabulus, garin da har gobe akwai gidajen da ɗansu ya tafi Libiya neman kuɗi, muna tafi muna ihu idan Bature ya kayar da su. Ko sau ɗaya ba mu tsaya mun tambaya ba.

Chaina ita ta tambaya. A 2004 hukumomin ƙasar suka haramta IGI 2, bisa hujjar cewa yana zubar da mutuncin ƙasar da na sojojinta, tunda babban mugun labarin wani janar ne mai suna Wu Xing. Ni ba na goyon bayan a riƙa haramta abu don ya ɓata wa gwamnati rai. Amma abin ya nuna min cewa wasu sun ɗauki labarin da ke cikin gem da muhimmanci, mu kuwa haɗiye shi muka yi ba tauna. Bayan faɗuwar Gaddafi a 2011, makamai suka bazu a yankin Sahel, kuma yau a jiharmu ƙarar AK-47 ba abin da yaro zai yi wa tafi ba ce. Ban ce gem ne ya jawo ba, Allah ya kiyaye in faɗi haka. Cewa nake, in na sake buga mishan ɗin Libiya yanzu, ba na jin daɗin da na ji a 2009.

To me ya sa gem ɗin da kasuwar Turai ta manta da shi ya daɗe haka a wurinmu? Amsar tana cikin rauninsa. Da yake tsohon inji ne, ba ya neman kwamfuta mai ƙarfi. Duk tsohuwar Pentium da aka sauke daga kwantena za ta ɗauke shi. Ba ya buƙatar intanet, yana shiga faifai ko filash a yi ta miƙa wa juna, kuma ko Turancinka bai nuna ba, taswira za ta nuna maka inda za ka. Haka ya yi farin jini a Indiya da Pakistan da Bangladesh, inda yanayinsu ya yi kama da namu. Wannan soyayyar ce ma ta sa a 2019 aka sanar da sabon kashi mai suna I.G.I. Origins, wanda kamfanin Antimatter Games na Ingila ke haɗawa. A 2023 aka rufe kamfanin, aikin ya tsaya. Har yau na biyun nan shi ne na ƙarshe.

Hukuncina ke nan, kuma haka na faɗa wa abokina a majalisa. IGI 2 ya fi na farko a matsayin gem: ya fi adalci ga mai bugawa, ya fi kayan aiki, ya fi wurare. Na farko ya fi shi a zuciya ne kawai, saboda shi muka fara gani, kuma wahalar da ya ba mu ta sa duk mishan ɗin da ka gama sai ka ji kamar ka ci jarrabawa. Masu na biyun sun gyara abin da aka yi musu ihu a kai, wato sebin da buga tare. Abin da ke buƙatar dogon aiki, wato wayon abokan gaba da labari mai mutunta mutanen da ke cikinsa, shi suka bari yadda yake.

Abokin nawa bai yarda ba. Ya ce duk wanda ya gama na farko ba sebin, ba ya buƙatar wani ya yi masa lacca. Mun rabu a kan za mu nemo tsohuwar kwamfuta mu sake buga su biyun a jere, wanda ya fara mutuwa shi zai sayi shayi.

Ku fa, wanne kuka fara bugawa, kuma a wane shago? Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah ya kai mu.