Abincin Leburori Da Ya Zama Na Manya: Tarihin Rumfunan Titi A Japan

Yau zan ɗauke ku zuwa Japan, kuma cikinmu ne zai yi mana jagora. A 'yan kwanakin da na yi a can na zaga kasuwanni a Tokyo, Osaka da Fukuoka, na ci abin da na iya ci a tsaye a bakin titi, ina ci ina bin diddigin asalinsa. Abin da na gano shi ne, da yawa daga cikin abincin da Japan ke taƙama da shi yau, talaka ne ya fara sayar wa talaka a rumfa, hukuma kuma tana korarsa.

Mu fara da Edo, tsohon sunan Tokyo. A 1657 wata gobara ta cinye mafi yawan birnin. Da aka tashi sake gini, kafintoci da leburori suka yi ta kwararowa daga ƙauyuka, akasarinsu gwauraye. Ƙari a kan haka, doka ta tilasta wa sarakunan larduna su riƙa zama a Edo tare da dakarunsu shekara ɗaya cikin kowace shekara biyu. A ƙarni na 18 mutanen birnin sun kai kimanin miliyan 1, maza sun fi mata yawa nesa ba kusa ba. To wa zai dafa musu? Ga ɗakuna ƙanana na katako, ga tsoron wuta. Nan rumfar da suke kira yatai ta samu kasuwa. Mai taliyar soba yakan rataya kayansa a sanda, ya saɓa a kafaɗa, ya bi unguwa da dare. Hukuma ta sha hana masu yawo da wuta, amma yunwa ba ta san doka ba.

Tempura da na ci a Tokyo, wato jatan lande da kayan lambu da ake tsomawa a ƙullun fulawa a soya, ana danganta asalinta da Turawan Fotugal da suka fara isa Japan a 1543. A Edo a tsinke ake sayar da ita, a ci a tsaye. Shi ma sushi haka. Wannan ɗan curin shinkafar da ake ɗora wa yankan kifi, wanda yau ake biyan kuɗi mai tsoka a kansa, ana danganta shi da wani mai suna Hanaya Yohei a wajajen 1820. A lokacin curin ya fi na yanzu girma sosai, don ƙoshi ake nema. Ba firij, saboda haka sai a jiƙa kifin a ruwan tsami ko a miyar waken suya mai gishiri kar ya lalace.

Kifin daga kasuwar Nihonbashi yake fitowa, har ranar 1 ga Satumba 1923 da girgizar ƙasa ta rusa ta. A 1935 aka buɗe Tsukiji a madadinta. A Oktoban 2018 aka kwashe 'yan sari zuwa Toyosu, amma layukan ƙananan shaguna na waje suna nan daram. A can na ci wainar ƙwai mai ɗan zaƙi da ake naɗewa a soke a tsinke, da safe, cikin turereniya.

Sai 1945, Japan ta sha kashi a yaƙi. Birane sun zama toka, shinkafar shekarar ba ta yi kyau ba, rabon abincin gwamnati ba ya isa. Kasuwannin bayan fage suka tsiro a bakin tashoshin jirgin ƙasa. Ameyoko da ke Ueno ɗaya ce daga cikinsu, kuma har gobe tana ci a gefen titin jirgin, ana shelar farashin busasshen kifi da kayan marmari. Alkamar da Amurka ta shigo da ita ta sa taliyar ramen ta yaɗu a irin waɗannan wurare. Momofuku Ando ya ba da labarin yadda ya ga dogon layi cikin sanyi a wata rumfar ramen a Osaka, abin ya tsaya masa a rai. A 1958 ya fitar da taliyar leda da ake zuba wa tafasasshen ruwa. Kun ga duk wanda ya taɓa zama a bencin mai shayi ya ce a dafa masa guda biyu da ƙwai, ya ci daga wannan tarihin.

A Osaka ɗin na ci takoyaki, wanda aka fara yi a garin a 1935. Kaskonsa mai ramuka ne kamar tandar masa, ana zuba ƙullu, a jefa gutsuren wata halittar teku mai hannu takwas, a yi ta juyawa da tsinke. Shawara: a bari ya huce, cikinsa wuta ne.

Da ƙasar ta farfaɗo, sai aka fara kallon rumfa a matsayin ƙazanta da abin kunya. Dokokin tsafta da na hanya suka matse ta, musamman gab da gasar Olamfik ta 1964 a Tokyo. A yawancin birane yatai ta ɓace, sai a lokacin bukukuwa.

Fukuoka ce ta fita daban, kuma dalilin shi ne ya fi jan hankalina. Da aka ba da umarnin kawar da su, masu rumfunan suka kafa ƙungiya a 1950, suka yi ta fafutuka har aka bar su. A shekarun 1960 sun haura 400. Daga baya aka hana sayar da lasisi ko miƙa shi ga bare, sai adadin ya yi ta raguwa. A 2013 birnin ya kafa dokar da ta amince da su, ta tsara wuri, lokaci da tsafta, sannan aka buɗe ƙofa ga sababbin shiga. Yau kusan 100 ne. Da yamma za ka ga ana turo su a Nakasu da Tenjin, kafin gari ya waye an kwashe komai, an share wurin tas.

Ga mai niyyar zuwa: romon ramen na Fukuoka da ƙashin alade ake yinsa, kuma miya da yawa akwai giyar shinkafa a ciki. Ku tambaya kafin ku zauna. Ni gasasshen kifi da dafaffen waken suya na tsaya a kai.

Abin da nake so matasa mu riƙe shi ne, dokar ta 2013 ba daga sama ta faɗo ba. Shekara 63 ne tsakaninta da kafa ƙungiyar. Masu rumfar sun yarda da sharuɗɗan tsafta, birnin kuma ya yarda suna da haƙƙin zama. Idan a garinku ana tashin 'yan tebur da sunan gyaran birni, ku tambaya: suna da ƙungiya? An zauna da su? Ku rubuto mana yadda abin yake a unguwarku. Sai mun haɗu a shiri na gaba.