Daga Tandun Kwalli Zuwa Kyautar Nobel

Idan ka shiga Kasuwar Barci a Tudun Wada, ka tambayi masu kayan kwalliya su nuna maka kwalli na dutse wanda ba a niƙa ba. Za ka ga baƙi ne mai ƙyalli, da nauyi fiye da girmansa, kuma in ya fashe gutsattsarinsa masu kusurwa ne kamar sukarin ƙwaya. Masana na kiransa galina: dalma ce da farar wuta suka haɗu, ƙwayar zarra ɗaya ta wannan, ɗaya ta waccan. Ana haƙo shi a Abakaliki da Zurak ta Jihar Filato, kuma Misirawa sun yi tozali da shi fiye da shekara 4,000 da suka wuce.

To yaya aka san yadda ƙwayoyin suka jeru, tunda ido ba ya gani? A 1912 Max von Laue da abokan aikinsa a Jamus suka haska hasken eksire a kan dutsen zink da farar wuta, sai ɗigo-ɗigo masu tsari suka fito a farantin hoto. A 1913 William Bragg da ɗansa Lawrence a Ingila suka nuna yadda za a karanta ɗigon a gano mazaunin kowace ƙwaya. Galina dai jerinsa irin na gishirin miya ne, shi ya sa yake fashewa da kusurwa. A 1918 kuma Paul Scherrer ya lura cewa in gutsuren ya ƙanƙance sosai, layukan da eksire ke bayarwa sukan yi faɗi. Wato faɗin layi ma'aunin girma ne. Har yau ɗalibai na amfani da lissafinsa.

Ga inda labarin ya fi daɗi. Girkawa da Rumawa suna da rinin furfura: tsatsar dalma da farar ƙasa, a kwaɓa da ruwa a shafa a kai. A 2006 Philippe Walter da tawagarsa a Faransa suka gwada haɗin a kan gashi, suka yanka shi suka duba da madubin ilektiron. Ashe galina ne ke tsirowa a cikin gashin! Farar ƙasar ce ke saki farar wutar da ke jikin furotin na gashi, dalma ta kutsa ta same ta. Ƙwayoyi kaɗan su fara dunƙulewa su zama iri, wasu su riƙa mannuwa, amma matsatsin zaren gashi ya hana su girma, sai su tsaya a wajen nanomita 5. Nanomita fa milimita ɗaya ce aka raba gida miliyan. Ka lissafa, ƙwayoyin zarra kamar 17 ne kacal daga gefe zuwa gefe. Masu rinin ba su san haka ba, su dai baƙi suke nema.

Wanda ya fara gane muhimmancin girma a cikin ruwa shi ne Louis Brus a Amurka, a 1983. Ya haɗa ƙananan ƙwayoyin kadmiyam da farar wuta, ya bar su a kan tebur, da ya dawo sai ya tarar yadda suke shan haske ya canja. Sun girma ne, ƙanana sun narke manya sun cinye su. Sinadari ɗaya, girma daban, launi daban. Wannan ya kai shi ga kyautar Nobel ta 2023 tare da Alexei Ekimov da Moungi Bawendi.

Sai dai kada tarihin ya ruɗe ka, dalma guba ce, kuma ƙwaƙwalwar yara ta fi cutarwa. Mun gani a Zamfara a 2010, inda ƙurar dutsen zinariya mai dalma ta kashe yara sama da 400. Jaririn da aka rambaɗa wa kwalli yakan murza ido ya kai hannu baki. Ba kowane kwalli ne galina ba, wani baƙin hayaƙi ne kawai, amma in an niƙa su ido ba ya rarrabewa. Eksire kuwa yana rarrabewa: garin galina kan ba da layuka tsaf-tsaf, na hayaƙi kuma sai tudu mai faɗi.