Yadda ake gane furen okid na daji da wuraren da yake tsirowa

Okid dangin tsirrai ne mai nau'i kusan 28,000 a duniya. Alamarsa tana ga furen: falle shida yake da su, amma guda ya bambanta da sauran, ya faɗaɗa kamar leɓe, inda ƙwari ke sauka.

A ƙasashen Bahar Rum, irin su Turkiyya da Girka da Italiya, okid na fitowa a makiyaya da gonakin zaitun tsakanin Maris da Mayu. Furen jinsin Ophrys yana kwaikwayon siffa da ƙamshin macen zuma, sai namijin ya ruɗu ya sauka, ya kwashi ƙurar haihuwa zuwa wani furen.

A Arewacin Najeriya kuwa iri biyu aka fi sani. Na farko jinsin Eulophia ne, mai saiwa kamar dankali, wanda ke fid da doguwar sanda mai fure ruwan hoda ko shuɗi-shuɗi a farkon damina, sau da yawa kafin ganyensa ya bayyana. Na biyu shi ne murucin bisa, wato Ansellia africana, da ke maƙale a jikin itatuwa ba tare da ya tsotse su ba. Furensa rawaya ne mai ɗigo-ɗigon ruwan ƙasa, saiwoyinsa kuma farare, suna miƙewa sama kamar kwando.

A yanki irin Indabo da ke Ƙaramar Hukumar Wudil, inda garma ta ratsa kusan ko'ina, mai nema sai ya duba gefen fadama da saurukan da ba a noma. Dazuzzuka masu laima irin na Falgore, a kudancin Jihar Kano, sun fi dacewa da shi.

Kada a rikita shi da baurairai, mai yaɗo da fure ja da rawaya, wanda saiwarsa guba ce mai kisa.

Ƙwayar irin okid kamar ƙura take, ba ta tsira sai da taimakon wata funfuna ta cikin ƙasa. Shi ya sa inda aka tone shi da wuya ya dawo. A Turkiyya, tonon saiwarsa don yin garin salef ya rage shi matuƙa. Yarjejeniyar CITES ta 1973, wadda Najeriya ke ciki, ta taƙaita cinikinsa tsakanin ƙasashe. Wanda ya ci karo da shi, ya ɗauki hoto ya bar shi a inda yake.