Sunayen da Masu Binciken Gado Suka Raɗa

Sikila ƙwayar halitta guda ce ke jawo ta, canjin harafi ɗaya tak a DNA. Tsayin mutum kuwa lamarinsa daban ne. A 2022 wani bincike da ya tattara bayanan mutum miliyan 5.4 ya gano wurare 12,111 a cikin DNA, kowanne yana ƙara ko rage ɗan abin da ido ba ya gani. Irin wannan hali ne masana ke kira mai sarƙaƙiya, kuma sun daɗe suna neman sunan da zai dace da shi. A 1941 Kenneth Mather ya kawo "polygene", daga kalmar Girkanci mai nufin yawa. A 2017 Boyle da Li da Pritchard na Jami'ar Stanford suka ga yawa ma bai wadatar ba, suka ɗauko "omni" ta Latin, wato duka. A ra'ayinsu, kusan duk ƙwayar da ke aiki a sashen jikin da halin ya shafa tana da hannu a halin.

To, wa zai zauna ya jira zuriya dubu don ya gwada wannan? Sai aka koma ƙirƙirar al'umma a kwamfuta, suna haihuwa suna mutuwa. Manhajar SLiM, wadda Philipp Messer ya fitar a 2013, gaba take tafiya, daga kakanni zuwa jikoki. Sunanta taƙaitawa ce ta zaɓin da yanayi ke yi a kan canje-canjen da ke maƙwabtaka da juna a DNA, domin maƙwabta tare ake gadonsu. Ɗaya hanyar, wadda John Kingman ya tsara a 1982, baya take komawa, kamar maroƙi mai jero salsala, har rassa su haɗu a kaka ɗaya. Haɗuwar nan ce ta ba ta suna.

Sunan da ya fi taɓa ni shi ne Wright-Fisher, tsarin da mafi yawan waɗannan manhajoji suka ginu a kansa. Sewall Wright ɗan Amurka ya ba sa'a da kuskuren dace babban matsayi, musamman a ƙananan al'ummomi. Ronald Fisher na Ingila ya fi yarda da zaɓin yanayi a babbar al'umma. Sun yi shekaru suna jayayya mai zafi, har ta shafi zumuncinsu. Ni dai ina ganin an kyauta da aka haɗa su, domin ɗalibin da ya rage yawan al'ummarsa a kwamfuta zai ga maganar Wright tana fitowa, in ya ƙara kuma ya ga ta Fisher.