Ruwan sanyaya batirin motar lantarki: wa'adinsa, tsadarsa da ingancin aikin dila

Motar lantarki ba ta buƙatar juyen baƙin mai, amma galibin irin waɗannan motoci na ɗauke da ruwan sanyaya, wato haɗin ruwa da sinadarin gilaikol, wanda ke zagayawa ta bututu yana ɗebe zafi daga batir da injin.

Wa'adin sauya shi ya danganta da kamfani. Tesla ya ce a yawancin yanayi ruwan batirin motocinsa ba ya buƙatar sauyi. Chevrolet Bolt na kai shekara 5 ko kilomita 240,000. Samfurin farko na Hyundai Ioniq 5 kuwa shekara 3 ne ko kimanin kilomita 60,000, domin yana amfani da ruwa na musamman wanda lantarki ba ya ratsa shi sosai, don rage haɗarin gobara idan ya yoyo cikin batir.

Abu uku ke sa aikin tsada: farashin ruwan kansa, yawan layukan bututun da za a zubar a sake cikawa, da kwamfutar da ake tayar da famfunan motar da ita don fitar da iska. Iskar da ta maƙale tana hana ruwan zagayawa, batir ya riƙa ɗaukar zafi.

A nan ake gane dila nagari. Kafin biya, mai mota ya duba littafin motarsa, ya ga galan ɗin da idonsa, ya kuma karɓi rasit mai ɗauke da sunan ruwan da adadin kilomita. Zuba ruwan lagireto na gama-gari na iya jawo a soke garantin batir, alhali batir ne kayan da ya fi tsada a motar.