Idan ayari ya tashi, wa ake bari a gida? Tsofaffin Abzin da ɗarin hunturu

Jama'a, mu nan kudu idan aka ce hunturu, abin da ke zo mana a rai shi ne hazo, da fashewar leɓe, da jin wuta da asuba. To a duwatsun Abzin, can jihar Agadez, maganar ta wuce nan. Dutsen Bagzan ya haura mita 2000 a tsawo, kuma akwai ƙauyuka a bisansa. A watan Disamba da Janairu sanyin dare a irin waɗannan wurare yakan kai ma'aunin sifiri, har ruwan da aka bari a waje ya yi ƙanƙara. Kada wani ya ce ƙari ne. Ko a tsakanin Borno da Kano, Baturen Birtaniya Kilafaton ya rubuta cewa a Disamban 1823 ruwan salkarsu ya daskare, kuma abokin tafiyarsa Likita Oudney, wanda dama ciwon ƙirji ke damunsa, ya rasu kusa da Katagum a Janairun 1824. Idan haka ta faru a fili, ina ga kan dutse?

Abin lura shi ne, lokacin ɗarin nan ya yi daidai da lokacin da majiya ƙarfi ba sa gida. Tun ɗaruruwan shekaru, Abzinawan Kel Ewey na Timiya da Bagzan suna tashi da ayarin raƙuma wajen watan Oktoba, su ratsa Tenere zuwa Fashi da Bilma, su sayo kantu da beza da dabino. Idan sun dawo, hutun kaɗan ne. Sai su sake ɗaura kaya su nufo Damargu da Damagaram da Tasawa har ƙasar Kano, su sayar da gishiri su sayi hatsi, raƙuma su yi kiwo, ba za a sake ganinsu a gida ba sai damina ta gabato. Bajamushen nan Heinrich Barth irin wannan ayari ya biyo daga Abzin zuwa kudu a ƙarshen 1850. Kun ga ke nan, gishirin da kakanninmu suka ci a Maraɗi, wanda ya kawo shi ya baro tsohonsa da tsohuwarsa cikin sanyi.

Sai dai ba haka kawai ake barinsu ba, akwai tsari. A wurin Kel Ewey gida na mace ne, miji shi ke tarewa wajen dangin matarsa, saboda haka tsohuwa takan tsufa ne kewaye da ƴaƴanta mata da jikoki. Awaki ma a hannun mata suke, ga nono ga cuku. Namijin da ƙafa ta gaza, ya daina bin ayari, yakan koma lambu ko masallaci. Hatsin da ayari ya kawo bara shi ake ci bana. Matuƙar waɗannan abubuwa uku suna tsaye, wato hatsi a ajiye, akuya mai nono, da ɗiya a kusa, tsoho yana iya ketare hunturu.

Me ya sa sanyi ke kayar da tsoho, yaro kuwa na wasa a ciki? Da shekaru, naman jiki yana zaizayewa, kuma naman nan shi ne murhun jiki. Shi ke yin makyarkyata ya samar da ɗumi. Tsoho kuma ba ya saurin jin sanyi ko ƙishirwa kamar da, sai jikinsa ya yi sanyi bai ankara ba. Sanyi yana matse jijiyoyin jini, hawan jini ya ƙaru. A rufe ɗaki a hura wuta, hayaƙi ya shiga huhu, tari ya zama ciwon haƙarƙari. Ga rashin haƙori, abinci ya koma hura da kunu kaɗai. Mutumin da ya kai wannan hali, abu kaɗan ke kwantar da shi: zazzaɓin kwana uku, ko tuntuɓe a kan dutse ƙugu ya karye. Kwanciyar mako biyu kuma tana cinye sauran ƙarfin ƙafa. Mu dai mukan ce "tsufa ne", mu yi shiru, alhali rabin abin yunwa ce da sanyi da kaɗaici.

Tsarin nan ya sha girgiza. Bayan Kawusan ya yi wa Faransawa ƙawanya a Agadez daga Disamban 1916 zuwa Maris ɗin 1917, sojojin Faransa sun rama da mugun hannu, suka kwashe dabbobi, suka tilasta wa mutane barin duwatsu. Baturen Ingila Francis Rodd da ya zagaya Abzin a 1922 ya tarar da ƙauyuka da dama kango. A irin wannan kora, wanda ba ya iya tafiyar yini guda da ƙafa, kowa ya san makomarsa. Sai farin 1973 zuwa 1974, sai na 1984, suka karkashe raƙuma da awaki, hatsi ya yi tsada a kudu. Ba raƙumi, ba hatsi. Ba akuya, ba nono. Daga baya tawayen 1990 zuwa 1995, da na 2007 zuwa 2009 lokacin da garin Iferwan ya kusan watsewa gaba ɗaya, hanyoyi suka zama abin tsoro saboda nakiyoyi.

Amma a ganina abin da ya fi canza rayuwar tsofaffi ba yaƙi ba ne, salon tafiya ne ya sake. Mai bin ayari an san ranar tashinsa, an san lokacin dawowarsa, kuma hatsi yake kawowa. Da aka fara haƙar uraniyom a Arlit a 1971, sannan hanyar Libiya da Aljeriya ta buɗe, sannan zinariyar Jado da Cibarakaten ta ɓullo a 2014, sai tafiya ta zama ta shekara biyu ko uku, wani ma da iyalinsa yake ƙaura. Kuɗi na zuwa, ba a musu, lambunan albasa da dankali da lemun Timiya ma sun kawo arziki. To amma kuɗi ba ya tashi cikin dare ya gyara wa tsoho bargo, ba ya hawa dutse ya yo itace.

Mutanen Adar da Gobir ba sai an yi musu dogon bayani ba. Ana gama girbi samari su tafi eksod, Abijan ko Legas, ƙauye ya rage daga mata sai yara sai tsofaffi, daidai shigowar ɗari.

Ta fannin hukuma kuwa, shirin musamman na shugaba Tandja ya gina ƙananan gidajen likita a ƙauyuka tun daga 2001, kuma a 2006 aka fara maganin kyauta ga yara ƴan ƙasa da shekara 5, da awon ciki, da tiyatar haihuwa. Abu ne mai kyau, amma tsofaffi ba sa cikin wannan lissafi. Daga Timiya zuwa babban asibitin Agadez ya fi kilomita 200, hanyar kuma dutse ce da yashin ƙorama. A bisa Bagzan kuwa, tsawon zamani jaki da ƙafa ne hanyar sauka. Tsohon da ƙugunsa ya karye a can cikin Janairu, sai an fara neman masu ɗaukarsa kafin a yi zancen mota, masu ɗaukar kuma suna Jado.