Feftid ɗin Madara

Feftid ɗin madara ƙananan gutsattsarin furotin ne, galibi masu amino asid 2 zuwa 20. Suna ƙunshe cikin kasin, wanda ya kai kusan kashi 80 cikin ɗari na furotin ɗin madarar shanu, da kuma cikin furotin ɗin ruwan da ke tsatsowa in an yi cuku. Ba sa aiki sai narkewar abinci ta sako su, ko ƙwayoyin Lactobacillus masu tsamar da nono da kindirmo.

Wasunsu, musamman masu amino asid ɗin tayirosin da histidin, suna kashe kaifin sinadaran oksijin masu lalata ƙwayoyin jiki, lalacewar da ake dangantawa da tsufa. Yawancin shaidar kuwa daga ɗakin gwaji da ɓeraye ta fito. Masu tallar man shafawa da sunan waɗannan feftid dai sun riga malam masallaci.